Totur Mai Maƙalewa

Idan ka sauka a tashar Kawo ka ce kana neman Malam Gambo mai gyaran rediyo, za a tsaya ana kallon juna. Amma ka ce Baba Maƙale, ko mai sayar da rake zai kwatanta maka layinsa a Unguwar Kanawa. Ni jikansa ne ta wajen uwa, saboda haka ina da lasisin faɗin yadda aka yi ya samu sunan. In ya ji ma iyakaci ya ce ba zai bar mini matarsa ba. Ita kuwa Hajiya Harira ta daɗe da gaya masa ni ta fi so, don ni ina da keke napep, shi kuwa sai tarin rediyon da masu su suka manta da su.

Shagonsa ɗan ɗaki ne a jikin gidan da ya gada, ƙofarsa na kallon titi. Warin dalma ya kama bangon, ya kama rigunansa, Hajiya ta ce har tuwon da ta kai masa da shi yake dawowa. A da, in ji manya, layi ake yi a ƙofar. Yanzu kowa ya koma jin labarai a waya, sai tsofaffi 'yan uwansa ke kawo masa aiki, su ma rabi don gyara rabi don hira.

Bayan shagon akwai wani ɗaki, bango ɗaya ne tsakani. Tun kafin a haife ni wani malamin firamare mutumin Zonkwa ya kama hayarsa, sunansa Malam Ishaya. Shi ke kaɗa ogan a cocinsu. Ogan ɗin nan dangin fiyano ne, sai dai girmansa ya kai ƙaramin kabad, kuma muryarsa ba ta yankewa muddin yatsa na kansa. Da cocin ta yi sabo sai aka bar masa tsohon, ya kawo shi ɗaki. Tsohon kaya kuwa ba ya rabuwa da ciwo, ga mai gyara a bayan bango. Ta nan suka saba. Baba ya riƙa kiransa Fasto alhali bai taɓa yin wa'azi ba, shi kuma yana kiran Baba Liman alhali ko sallar mutum biyu Baba ba ya yarda ya ja.

Kowace Asabar da rana Malam Ishaya yake gwajinsa. A ƙasan ogan ɗin akwai wani mataki mai faɗin allo. In ka danna da yatsun ƙafa murya ta tashi, in ka danna da dunduniya ta kwanta, in ka ɗauke ƙafa ya tsaya inda ka bar shi. Malam Ishaya numfashi yake ce masa.

Abin da Baba ya kasa mantawa ba waƙoƙin ba ne, don ya ce ko sunan ɗaya bai sani ba. Lokacin la'asar ne. Da zarar ladanin masallacin layin ya hura lasifika don ya ji ko tana aiki, Malam Ishaya ba ya katse kiɗan. Dunduniya yake sawa a hankali. Sautin ya riƙa sauka, yana sauka, yana shigewa cikin bangon, har Baba ya rasa inda ya ƙare, sai kawai ya ji kiran salla ya hau wurin. Sai ya ajiye ƙarfen dalma ya ɗauki buta. In ya dawo daga masallaci ya ƙwanƙwasa bango, sautin ya taso daga inda ya kwanta.

“Ban taɓa roƙonsa ba,” in ji Baba. “Shi ma bai taɓa ce mini ga abin da yake yi ba.”

Sai rikicin nan ya zo, wanda manya ba sa son a tambaye su. Aka wayi gari kogin Kaduna ya zama iyaka. Malam Ishaya ya kwashe iyalinsa suka ƙetare gada zuwa Sabon Tasha, daga baya ya aiko da a-kori-kura aka ɗauki ogan ɗin. Wata damina ruwa ya shiga gidan da suka kama, ya gama da ogan ɗin. Ɗakin bayan shago ya zama wurin ajiye buhunan gawayi.

Ba su yi faɗa ba. Da waya ta zo suka samu lambar juna, Fasto ya kira da Salla, Liman ya kira da Kirsimeti. Amma wannan bai zo ba, wancan bai je ba. Ni gadar nan kullum sai na haye ta, wani lokaci da kwandunan tumatir, wani lokaci da mata masu rigima a kan canji. Su biyun kuwa sai ka ce biza ake nema.

Wata rana ina zaune a shagon ina cin gyaɗarsa, na ji Baba yana cewa a waya, “Yanzu kai ba za ka zo ka ga unguwarku ba?”

Muryar Malam Ishaya ta fito, don Baba kullum a lasifika yake sa waya. “In zo in yi me, Liman? Ogan ɗin ma babu.”

“In na ƙera fa?”

Sai da ya yi dariya har da tari. “In ka ƙera, har da numfashinsa, zan zo.”

Baba ya kashe waya ya dube ni. “Ka ji dai. Kai ne shaida.”

Na ce, “Na ji tsoho yana yi wa tsoho alkawari. Kotu ba ta karɓar irin wannan.”

Bai yi dariya ba. Washegari aka fitar da buhunan gawayi.

Jikin ogan ɗin bai ba shi wuya kamar yadda na zata ba. Ya san hanjin wancan tsohon kamar yadda ya san aljihunsa. Ya samo mataccen fiyano wajen masu haɗa waƙa, ya cire haƙoransa, farare da baƙaƙen nan da ake dannawa. Ya ciro lasifiku daga wata tsohuwar rediyo mai kaset. Katako kuwa kabad ɗin auren Hajiya ya wargaza, bayan ya rantse mata cewa gara ce ta riga shi. Ranar da abin ya fara magana, kajin gidan suka watse. Daga baya ya lallashe shi har muryar ta yi kauri, ta yi sanyi.

Numfashin ne ya tsaya masa. Dalilin kuwa abin dariya ne. Duk shekarun da ya yi yana gyaran wancan ogan ɗin, babu inda bai buɗe ba sai matakin nan, saboda shi kaɗai ne bai taɓa lalacewa ba. Ya san cewa a ƙarshe bolum ne ake murɗawa, irin na rediyo. Amma yadda takun ƙafa zai koma murɗawa, da yadda matakin zai tsaya inda aka bar shi, wannan bai taɓa gani ba.

Wurin Salisu bakanike ya fara zuwa, a bayan tashar Kawo, ni na kai shi. Salisu yana ƙarƙashin wata bas, ƙafafunsa kawai ake gani.

“Baba, me za a ba ka?”

“Mataki nake so, irin na totur.”

“Akwai su buhu. Na wace mota?”

“Kowace. Amma wanda in an taka ba ya dawowa.”

Ƙafafun suka daina motsi. Salisu ya turo kansa waje, ya goge hannu, ya dube ni kamar ni na ba Baba wani abu ya sha. “Baba, totur mai maƙalewa kake nema?”

“Shi.”

“Wa ya ɓata maka rai? Faɗa mini, a sasanta. Abin da muke kwana muna gyarawa kada ya kashe mutane, shi kake so da gangan?”

Direbobin da ke jiran lodi suka matso. Baba ya yi bayani, ya kwatanta da tafin hannu, dunduniya, yatsu, dunduniya. Wani direba Bakatsine ya ce shi a duniya bai san abin takawa da ba ya dawowa ba sai kashin shanu. Kafin mu bar wurin an raɗa masa suna.

Ya karɓi totur ɗin duk da haka, ya cire sifirin ɗin da ke dawo da shi. Da babu sifirin sai matakin ya faɗi ƙasa ya kwanta kamar mataccen kifi. Ya gwada matakin keken ɗinki, ya zama lilo ne kawai, ba ya tsayuwa ko'ina. Ya ɗaura zaren lilo a wuyan bolum, zaren ya riƙa zamewa. Ya sa robar tayar keke, ta riƙa ja da baya. Daga nan ya gane cewa haƙora yake bukata, ƙarfe mai haƙora da zai ciji ɗan'uwansa ya juya shi.

Nan ma ya jawo wa kansa. Ya bi shagunan kayan mota yana tambaya, da farin gemunsa da tabon sallarsa, ko suna da 'yar ƙaramar giya. Magana ta riga shi isa gida. Ya tarar da Hajiya a tsakar gida ta riƙe ƙugu.

“Malam, abin da ya rage ke nan? An ce an gan ka Kawo kana neman giya, har kana cewa ƙarama ma ta isa.”

“Giyar inji, Harira.”

“Na sani. Amma ka bar ni in ji daɗin abin tukuna.”

A Panteka ya samu. Wani mai sayar da ƙofofin tsofaffin motoci ya ɓalle masa cikin ƙofar Fijo, ya nuna masa abin ɗaga gilashi: ƙarfe mai siffar rabin faifai, bakinsa duk haƙora, da 'yar ƙaramar giyar da ke bin sa. Baba ya ce da ya gani sai da ya zauna a kan wata taya. Mai walda ya rage masa shi, ya haɗa da matakin. Ka taka, bolum ya juya. Rabin aiki ya ƙare.

Saura tsayuwa. In ya ɗaure noti da ƙarfi, matakin ya ƙi motsi sai an yi kokawa, sautin ya yi tsalle. In ya sassauta, ya zube. Ya shafe watanni a tsakanin ɗaurewa da sassautawa. Duk abin da ke lanƙwashewa a duniya sai da Baba ya taɓa shi: murfin akwati, kujerar mai aski, wuyan fanka. Na taɓa kama shi a gidan biki yana buɗe kular abinci yana rufewa, mutane na zaton nama yake nema.

Wani direban tirela Bazamfare ne ya warware masa, ba tare da ya sani ba. Baba na tsaye bakin titi a Kawo, mutumin ya miƙo hannu ta taga ya tura madubin gefe. Madubin ya tafi ya tsaya. Ya ɗan jawo shi, ya dawo ya tsaya. Ga iska, ga ramuka, amma inda aka bar shi nan yake zama. Baba ya ƙetare titi ba tare da ya duba ba, ya ce wa mutumin don Allah ya sake. Direban ya sake, yana kallonsa. Baba ya ce ya ƙara sakewa.

Wurin 'yan gwangwan na Hayin Banki ya samo mazaunin irin madubin, ya buɗe. Faranti biyu ne na ƙarfe, sifirin na matse su, roba a tsakani. Robar tana ƙara kamar ɓera, sai ya yanko fata daga tsohon takalminsa ya shafa mata man kaɗe ya sa a madadinta. Ya taka. Matakin ya tafi sumul, ya tsaya a tsakiya, bai faɗi ba, bai dawo ba.

A take ya kira. “Fasto, ya yi numfashi. Saurara.” Ya kara wayar a lasifika, ya danna haƙori ɗaya, ya taka.

Sautin ya tashi, ya sauka. Sai Malam Ishaya ya ce, “Yana saurin tashi. Ka ɗan rage.”

Baba ya rage. Sati na gaba aka ce yana jinkirin sauka. Ya gyara. Aka ce a bari ruwa ya ɗauke, hanya ba kyau. Ruwa ya ɗauke. Aka ce ana bikin wata jika.

Baba ya mayar da ogan ɗin ɗakin baya, daidai inda wancan ya zauna. Kowace Asabar sai ya share ɗakin, ya sa kaftani mai guga, ya zauna a shago yana gyaran rediyon da ba ta lalace ba. Duk motar da ta rage gudu a layin sai ya ɗaga kai. Wata Asabar ya ce in shiga ɗakin in danna haƙori ɗaya in sauke da dunduniya, shi zai zauna a shago ya ji ta bango. Na yi iya yina.

Ya leƙo. “Kai wannan birki kake takawa.”

“Baba, sana'ata ke nan.”

“Tashi, tashi. Kada ka koya masa mugun hali.”

Na so in ƙara tsokanarsa, sai na ga fuskarsa, na fasa.

Hajiya ce ta gaji. Ta ga kwanon tuwo yana dawowa yadda ya tafi. Ta ɗauki wayarsa yana masallaci, ta sa na nemo mata lambar. Bayan gaisuwa da tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya, ta ce, “Malam Ishaya, mutumin nan ya wargaza mini kabad, ya yanka takalminsa, an sa masa suna a tasha. Yanzu kuma ya daina cin abinci. In za ka zo ka zo. In ba za ka zo ba ka gaya masa, ya samu ya haƙura.” Ban ji amsar ba, don ita ba ta sa lasifika.

Asabar ɗin da ta biyo baya na dawo daga aiki bayan azahar, na ga wata ƙaramar mota a ƙofar gida, wata mata a ciki tana danna waya. Rifkatu ce, 'yar Malam Ishaya, ita ta tuƙo shi. Na zagaya ɗakin baya. A bakin ƙofa ga silifas ɗin Baba, ga kuma takalmi baƙi sau-ciki, an goge shi yana ƙyalli. Ƙafa ɗaya ne, na hagu. Sanduna biyu na jingine da bango.

Ciwon suga ne. An yanke masa ƙafar dama daga ƙasan gwiwa, tun kafin ranar da ya yi wa Baba alkawarin nan.

Suna zaune a kan benci a gaban ogan ɗin, ba mai kallon wani. Malam Ishaya ɗan siriri ne, kansa fari fat, yana shafa katakon kabad ɗin Hajiya.

“Me ya hana ka faɗa mini?” in ji Baba.

“Da na faɗa da ka daina ƙerawa.”

“To sai me?”

“Da ka daina kira kuma. Da sai Kirsimeti. Tun da ka fara abin nan, kusan kullum sai wayata ta yi ƙara, Liman na tambaya ko numfashin yana da nauyi, ko yana ƙara in an taka. Wa zai kashe wannan da bakinsa?”

Baba ya daɗe yana kallon matakin. “Sai in mayar da shi hagu. Noti huɗu ne.”

“Hagun ba ta yi makaranta ba. Bari ka gani.”

Ya gyara zama, ya ɗora ta hagun, ya sa yatsunsa a kan haƙoran. Hannun bai manta komai ba. Amma ƙafar ta danna gaba ɗaya, sautin ya zabura har tagar ta yi rawa, ya ja da baya, ya ɓace ɗif. Ya ɗauke hannu yana dariya, idonsa ya ciko.

“Ka gani? Jahila ce.” Ya matsa gefe kaɗan. “Matso nan. Ara mini taka.”

“Ni ban iya ba, Fasto.”

“Wa ya fi ka sanin inda yake tashi da inda yake kwanciya? Ni kaɗawa nake yi. Kai ke ji.”

Baba ya matso har kafaɗunsu suka haɗu, ya ɗora ƙafarsa mai kaushi a kan totur ɗin Salisu. Da farko ya makara, Malam Ishaya ya zungure shi da gwiwar hannu. Ya sake makara. Daga nan ban san wanda ke bin wani ba. Hajiya ta fito da ludayi a hannu ta tsaya a bayana. Rifkatu ta baro motar.

Ana cikin haka ladan ya hura lasifika.

Malam Ishaya bai ɗauke hannu ba. Na ga dunduniyar Baba ta fara sauka, a hankali, a hankali fiye da yadda na zaci ƙafar tsoho za ta iya. Sautin ya bi ta, yana raguwa, yana shigewa bango, ban san inda ya ƙare ba sai na ji kiran salla. Baba ya zare ƙafarsa. Matakin ya tsaya inda ya bar shi.

Yatsun Malam Ishaya na nan a kan haƙoran. “Je ka,” ya ce. “Ina riƙe da shi.”

Muka tafi masallaci tare. Da muka dawo, maimakon ya zagaya ɗakin, sai na ga ya shige shago. Ya tsaya gaban bangon, ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa. Ya saurara. Ba abin da ya taso.

Sai murya ta fito ta bayan bangon. “Liman, zagayo mana. Ƙafar tana wurinka.”

Kafin magariba Rifkatu ta fara duba agogo, tana so su haye gada da sauran haske. Baba ya riƙe wa Malam Ishaya sanda ɗaya har ya sa takalminsa. Ya ce a ɗauki ogan ɗin a kai masa gida, Malam Ishaya ya ce a kai a yi me da shi, can babu ƙafa, babu kuma bango. Ya ce zai dawo wata Asabar. Bai faɗi wacce ba.

Har yau Baba na share ɗakin ranar Asabar, yana sa kaftani mai guga. Malam Ishaya ya zo sau ɗaya bayan nan, sannan jiki ya ƙi, sai waya. Na ce masa ga keke napep, ga gada, ba a karɓar fasfo, ya hau mu je. Ya ce zai duba. Shekaranjiya na same shi ya juya rediyon wani bawan Allah yana gyara, sai ya tambaye ni, ba tare da ya ɗago ba, wai ogan ɗin zai shiga bayan keken in an cire kujera, kuma a Sabon Tasha ana jin kiran la'asar kuwa.